Me ya sa masana ke sauya wa ƙwaron tumatir suna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina noman rani a Ajiwa. Tun da sharon ta cinye mana tumatir a 2016 nake jin malaman gona na kiranta Tuta absoluta. Yanzu ɗana mai karatun kimiyyar halittu ya ce an sauya mata suna. Da me ake rarraba waɗannan ƙwari? Kuma da gaske ne faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi dangi ne?
Mai karatu daga Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗanka ya faɗi gaskiya. Wani Baturen Ingila, Edward Meyrick, shi ya fara raɗa wa wannan ƙwaro suna a 1917, daga wanda aka kamo a ƙasar Peru, ya kira shi Phthorimaea absoluta. Kalmar farko ta sunan ita ce gidansa, wato rukunin danginsa na kusa. Daga baya aka yi ta ciccire shi daga wannan gida zuwa wancan har ya zauna a Tuta. A 2021 masana suka sake kwatanta gaɓoɓinsa da na 'yan'uwansa, suka mayar da shi gidansa na fari. Ƙwaron yana nan yadda yake, saninmu na danginsa ne ya ƙaru.

Shi kuwa wannan sani, kamar shari'a a gaban alƙali yake: shaidu uku ake saurara, kuma babu wanda maganarsa ta isa shi kaɗai.

Na farko shi ne ƙwarin da aka busar aka adana a gidajen tarihi. Duk wanda ya raɗa wa wani jinsi suna, sai ya ajiye ƙwaro guda a matsayin ma'auni, da takarda mai nuna inda aka kama shi da ranar. In gardama ta tashi ko bayan shekara 100 ne, wurinsa ake komawa. Tarin Meyrick yana gidan tarihin halittu na Landan har yau. Launin fiffike yana ruɗi, musamman a ƙananan faɗa-wuta masu launin toka irin sharon, shi ya sa ake feɗe cikin namiji a duba siffar al'aurarsa da madubin ƙara girma, don a nan bambancin jinsi ya fi fitowa.

Na biyu burbushin waɗanda suka mutu tun zamanin da, kuma shi ne mafi ƙaranci, domin jikinsu ba ƙashi, saurin ruɓewa yake yi. Sai wanda ya maƙale cikin ƙaron itace har ƙaron ya daskare, ko wanda laka mai laushi ta binne. Ka san garin nan da ke saura a yatsa in ka kama malam-buɗe-littafi? Ƙananan ɓawo ne da ke rufe fiffikensa. A 2018 aka ba da rahoton samun irinsu cikin dutsen da aka haƙo a arewacin Jamus, masu kimanin shekara miliyan 200. Amfanin burbushi shi ne yana ba mu lokaci.

Na uku ƙwayar halitta ta gado, wato DNA. A 2003 Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya nuna cewa wani ɗan guntun DNA mai haruffa kusan 650 ya isa a bambanta yawancin jinsuna, kuma ƙafar ƙwaro ɗaya ta wadatar a yi gwajin. Shekara guda bayan haka aka gwada wani malam-buɗe-littafi na ƙasar Kosta Rika da aka daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya ne, sai ga alamun jinsi 10. Abin lura a nan, tsutsotsinsu dama sun bambanta a launi da irin ganyen da suke ci, DNA ta zo ta ƙarfafa abin da masu kiwonsu suka gani ne. Saboda haka ban yarda da masu cewa na'ura ta kori gidan tarihi ba. In ba a gane ƙwaron ma'auni daidai ba tun farko, duk abin da aka kwatanta da shi kuskure zai gada.

Game da dangantaka, e, dangi ne na jini. Jinsunan faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi da aka sani a haɗe sun kai kimanin 160,000, malam-buɗe-littafi bai kai 20,000 a cikinsu ba. Binciken gado ya nuna shi reshe ne da ya fito daga cikin faɗa-wuta kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, ya koma yawon rana.

Inda abin ya shafi gonarka shi ya fi damuna. A farkon 2016 aka ga wata tsutsa tana cin masara a kudu maso yammacin Najeriya. Ta yi kama da tsutsar da muka sani mai fitowa runduna-runduna bayan ruwan farko, amma da masana a Ibadan suka duba gaɓoɓinta da DNA, sai ta zama baƙuwa daga nahiyar Amurka, Spodoptera frugiperda. Wannan ɓuya take yi a tsakiyar ganyen masara, inda feshin sama-sama ba ya kai mata. Ana gane ta da alama kamar harafin Y a kife a goshi, da ɗigo huɗu a jere murabba'i kusa da wutsiya. Haka tarkon ƙamshi da ake kafa wa sharon: ƙamshin macen wannan jinsi ne ke jan namijinsa, in ka sayi na wani jinsi ka yi asarar kuɗinka.

In ka ga baƙon ƙwaro a gona, kada ka murƙushe shi duka. Tsutsa a sa ta a kwalba da sifirit, mai fiffike kuma a naɗe shi a takarda busasshiya. Rubuta ranar, da wurin, da shukar da ka same shi a kai, ka ba ɗanka ya kai wa malamansu ko malamin gona na yankinku.