Jajayen duwatsun wuya na kaka, wai daga Makka suke?

Wata 'yar uwa daga Argungu ta aiko: "Malam na gaji wasu jajayen duwatsun wuya wajen kakata, ta ce daga Makka aka kawo su kuma suna maganin kambun baka. Murjani ne ko me? Ina asalinsu?"

To 'yar uwa Allah ya jiƙan kaka, ba ta yi ƙarya ba, sai dai a Makka saye ake yi, ba can ake haƙo su ba. Alhazan da can su kan taho da su tsaraba, shi ke nan suna ya bi su. In dutsen yana da sanyi a hannu kuma haske na ɗan ratsa shi, galibi aƙiƙ ne, irin wanda tsofaffi ke ce ma tsakiya. Tushensa Indiya, garin Khambhat a Gujarat, sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan sana'a, har gasa dutsen suke yi cikin tukwane don jan ya ƙara fitowa. Daga baya Jamusawan garin Idar-Oberstein suka shigo kasuwar, daga wajen shekarun 1830 suka riƙa ɗauko ɗanyen dutse daga Birazil su rina su goge su turo Afirka, to ka ga sarƙa ɗaya tana iya ratsa ƙasa uku kafin ta iso wuyan amarya a Kabi.

Akwai kuma lantana, shi ja ne mai duhu, haske ba ya ratsa shi. Wannan namu ne na kusa, a da fatake Hausawa ke saukar da ɗanyensa ta kogin Kwara daga wajen ƙasar Nijar ta yau, a kai Ilori inda ake huda shi da hannu ana gogewa.

Murjani kam ba ma dutsen ƙasa ba ne, wasu ƙananan halittun teku ke gina shi, jan na asali daga Bahar Rum yake zuwa, ga shi nan an ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Yana da taushi, wuƙa na kartarsa, aƙiƙ kuwa shi ke kartar gilashi. Amma don Allah kar ki gwada da lemun tsami kamar yadda wasu ke cewa, cin murjanin yake yi. Ki duba da kyau a rana, in kin ga 'yan ƙwayoyin iska a ciki to gilashi ne.

Maganar kambun baka kuwa, Larabawa da Buzaye duk suna da irin wannan camfin kan jan dutse, ni dai ban yarda dutse na tare komai ba. Abin da ya tabbata a Sahihu Muslim shi ne zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne da dutsen Habasha, wasu malamai suka ce aƙiƙ ne. Ki sa abinki don ado, ki dai canza zaren in ya tsufa kar su watse miki a wajen biki.