Amsa ga mai son kafa gidauniyar karatun yara mata da sunan mahaifiyarta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa wannan niyya taku ta zama sadaka mai gudana a gare ta. Kin ce ku 'ya'yanta kun ware wani kaso daga gadonku domin kafa ƙaramar gidauniya da za ta riƙa ɗaukar nauyin karatun yara mata, musamman masu buƙata ta musamman, kuma kina tambayar ta inda za ku fara da yawan yaran da ya kamata ku ɗauka. Ni ne ma'ajin irin wannan gidauniya a unguwarmu a Kano tun 2017, don haka abin da zan faɗa miki na gan shi da idona.

Batun takardu ba zan daɗe a kansa ba, domin lauya zai yi muku bayaninsa fiye da ni. Za ku yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za a buga sanarwa a jaridu 2, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan banki zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin asusunku ya fara aiki yadda ya kamata. Kowace shekara kuma akwai rahoton da ake miƙa wa CAC, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi har tara ta taru a kansu. Ku sa hannun mutum 2 ya zama dole kafin a cire ko sisi, kuma ɗaya daga cikinsu kada ya zama ɗan gidanku, domin kuɗin amana ya sha raba 'yan'uwan da suka sha nono ɗaya.

Kuskuren da muka fara da shi shi ne zaton kuɗin makaranta ne matsalar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, gwamnatin Kano ma ta shelanta ilimi kyauta kuma tilas a 2019, amma duk da haka yara mata ba su daina barin aji ba. Mu a shekarar farko mun ɗauki yara 20, muka ɗinka musu inifom, muka saya musu littattafai da takalma, muka koma gida muna ganin mun gama aiki. Kafin ƙarshen zango na uku an nemi 7 daga cikinsu a aji an rasa.

Ɗaya daga cikin waɗannan 7 ita ce ta koya mini aikin. Tana aji 2 na ƙaramar sakandare, malamanta kuma sun shaide ta da ƙoƙari. Na je gidansu da hantsi ba tare da na aika ba, na same ta a tsakar gida tana yi wa ƙanwarta wanka. Ƙanwar tana da kimanin shekara 9, shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana goye, kuma da aka gama wankan sai ta zura silifa a hannuwanta biyu ta ja jiki zuwa inuwa. Mahaifinsu ya rasu, mahaifiyar tana fita aikatau da sassafe, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Da na tambayi babbar dalilin da ya hana ta zuwa makaranta, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Baba, in na tafi wa zai kai ta bayan gida?” A ranar na gane cewa a irin wannan gida yara biyu ne suka rasa karatu, mai lalurar da mai kula da ita, kuma ita ta biyun babu takardar da take ƙirga ta.

Mun saya wa ƙaramar keken guragu mai feda ta hannu, irin wanda masu shan inna suke ƙerawa da kansu a nan Kano, wanda ya fi na waje jure wa lungunanmu kuma duk mai walda yana iya gyara shi. Muka sa ta a firamaren da ke kusa da gidansu. Bayan wata guda uwar ta ce mini yarinyar ba ta shan ruwa da safe, ko koko ba ta yarda ta sha. Da muka bincika sai muka tarar banɗakin makarantar jiƙe yake kullum, ita kuwa da hannu take shiga, shi ya sa ta zaɓi ƙishirwa. Buhun siminti 3 da aka yi gangare da shi a ƙofar ajinsu da ta banɗaki, da kujerar ƙarfe mai huji da mai walda ya haɗa mana, su suka warware abin da keke bai warware ba. Ita uwar kuma mun ba ta jarin ƙosai da awara a ƙofar gida, domin ta bar aikatau ta zauna kusa. Sai a lokacin babbar ta koma aji.

A kan haƙƙi kuwa, ki sani dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su damar karatu kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su yi gyaran da zai ba su damar shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, amma ki leƙa makarantun unguwarku ki ƙirga masu gangare. Ni dai ina buga shafin dokar in tafi da shi a jaka, kuma na lura shugaban makaranta yana sauraron mai takarda fiye da mai roƙo, ko da yake ban taɓa yin barazana da ita ba, tunda shi ma galibi ba a ba shi kuɗin gyaran ba. Idan yarinyar kurma ce ko makauniya, akwai makarantar Tudun Maliki a nan Kano, sai dai ku shirya wa lallashin iyaye, domin ba kowace uwa ce take iya sakin irin wannan ɗiya ta yi nisa da ita ba. A shawarata kuma ku sa mace mai lalura a cikin masu yanke shawararku, domin da muna da ita tun farko da ba mu yi wata guda kafin mu gano matsalar banɗaki ba.

Game da yawan yara, kada ku ɗaukar wa kanku Dala ba gammo. Ku lissafa abin da yarinya ɗaya za ta ci har ta gama sakandare, da kuɗin Adaidaita Sahu, da kuɗin tara na abinci a makaranta, da audugar mata, da kuɗin WAEC ko NECO, sannan ku ɗauki rabin adadin da lissafin ya nuna. Lokacin da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga kusan naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin mota kaɗai ya kusa durƙusar da mu. Abin da ya cece mu shi ne ba mu taɓa uwar kuɗin ba, shago muka saya da ita muka mayar da shi hubusi, muna aiki da kuɗin haya. Idan wani ya kawo muku zakka ku ware ta daban, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance waɗanda ake ba wa, Hukumar Zakka da Hubusi ko malaminku za su yi muku ƙarin bayani. Ku kuma tambayi makaranta ko yarinyar tana cikin masu karɓar tallafin AGILE, shirin gwamnati da Bankin Duniya na tallafa wa karatun 'yan mata, kada ku ninka wa wata alhali maƙwabciyarta ba ta samu komai ba.

Hotunan yaran kuwa mu mun daina ɗorawa a Facebook, tun ranar da wata ta dawo gida da kuka saboda 'yan ajinsu sun gan ta tana karɓar jaka suna kiranta 'yar sadaka. Masu ba mu gudummawa rasit da sakamakon jarrabawa muke nuna musu, an rufe suna. Kafin ku je wurin lauya, ki samu mai unguwa da malama ɗaya da ta daɗe a makarantar unguwarku su ba ku gidaje 5, ki shiga kowanne da hantsi a ranar makaranta, ki ga wace yarinya ce za ki tarar a tsakar gida.