Amsa kan kashe kwamfuta ko barinta a kunne

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce wani ya faɗa maka yawan kashe kwamfuta na lalata ta, gaskiya kashewa sau ɗaya a rana ba abin da zai mata.

Idan destof ce kuma ba ka da UPS (na'urar batir mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke) to don Allah kashe ta da dare har ka zare soket, domin matsalar ba ɗauke wutar ba ce kawai, dawowarta da ƙarfi ko lokacin da aka juya zuwa janareto shi ke ƙona fawa saflai (akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar), wani lokacin har madabod (babban allon da sauran kayan ke haɗe a kai). Ga ƙurar hunturu da fanka ke ta zuƙa tana toshe ramukan iska.

Laftof kuwa in za ka tashi sallah ko cin abinci sa ta silif (yanayin barci, ba kashewa gaba ɗaya ba) ya isa. Amma kar ka cusa ta jaka a haka, takan farka a ciki ka ɗauko ta zafi zau batir ya ƙare.

Sannan Windows 10 da 11 in ka kashe ba duka abin da ke aiki suke rufewa ba, suna ajiye wani ɓangare don ta tashi da sauri. Don haka in ta fara nauyi ristat za ka yi (wato ta kashe kanta gaba ɗaya ta sake tashi), ko sau ɗaya a sati.