In sayi fili kusa da inda aka ce za a kafa tashar jirgin ƙasa?

Tambaya: Salamu alaikum injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole nan Damagaram. Wani dillali ya kawo mani fili a hanyar Mirriya, wai in jirgin ƙasan Kano ya iso Maraɗi za a jawo shi nan har Mirriya, kuma daidai wurin za a yi tashar da mutane za su riƙa hawa su shigo gari da safe su koma da marece. Kuɗin filin ya ninka na maƙwabtansa. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Dillalinka jirgi biyu ya haɗa maka wuri guda, bari mu raba su.

Na Kano zuwa Maraɗi gaskiya ne, a 2021 aka aza harsashinsa lokacin Buhari, kamfanin Mota-Engil ke aikin, wajen kilomita 284 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Amma a kwangilar, Maraɗi ce iyakar layin, kuma ka san tsakaninmu da Maraɗi ya fi kilomita 200. Sannan shi jirgin doguwar tafiya ne da kaya, daga gari sai gari, ba ya tsayawa unguwa unguwa kamar taksi.

Wanda ya kwatanta maka kuwa jirgin kewayen birni ne, irin TER na Dakar da ya fara aiki a Disamban 2021, kilomita 36 zuwa garin Diamniadio, kusan duk kilomita 3 akwai tasha, daga baya aka shiga ƙara masa tsawo zuwa filin jirgin sama na Blaise Diagne. To irin wannan cunkoso ne ke ciyar da shi, Dakar mutane sun haura miliyan 3 kuma kullum safiya hanya a toshe take. Mu nan kilomita 18 ne zuwa Mirriya, kwalta a buɗe, in ka cire ranar Lahadi ta kasuwa wa zai cika maka tarago safe da marece, bayan ga kabu-kabu da zai sauke mutum har ƙofar gidansa?

Amma mu ɗauka ma an yanke za a yi. Wurin tasha ba a sanin shi da wuri haka, wallahi mu da ke cikin aikin ma sai bincike ya yi nisa. Sai an ƙirga masu tafiya tukuna, daga ina suke fitowa, ƙarfe nawa, sannan a nemi inda layin ya miƙe sak kuma ƙasa ta kwanta, don ba a son tsayar da jirgi a kwana ko gangare, ga duwatsun Damagaram da sai dai layi ya kauce masu, ga kwari inda ruwa ke kwanciya da damina, ga hanyar da motoci za su bi su kawo fasinja. Ɗigon da aka sa a taswirar farko sai ka ga ya matsa kilomita guda ko biyu kafin a gama, wani lokacin ma a soke shi ɗungurum saboda kuɗi.

Kuma kusanci da yawa ma matsala ne. Filin da layi ya bi ta kansa gwamnati ke karɓa ta biya diyya bisa nata lissafi, ba abin da ka ba dillali ba. Na gefe kuma, ana katange layin, in ka faɗo bayan katanga ba gada kusa, kana hangen tasha amma sai ka yi dogon zagaye, kai dai ƙara ce rabonka. Wanda ke yin daraja shi ne na wajen ƙofar shiga, tafiyar minti goma a ƙafa.

Ko an gina ɗin ma, duba Yamai. An buɗe tasha a 2014, an shimfiɗa dogo wajen kilomita 140 zuwa Dosso aka yi biki a 2016, har yau ba jirgin fasinja da ke zirga-zirga a kai.

Ka ce ya nuna maka takardar gwamnati da ta ware wurin don aikin, kai kuma ka je ma'aikatar magajin gari da ofishin safiyo ka ga ko filin na cikin rabon da aka yi a hukumance, takardunsa kuma na gaske ne. In yana maka amfani ko ba jirgi, gida ne ko lambu ko shago, taya shi kuɗin maƙwabtansa, kar ka ƙara ko dala.