Horo Daban, Kora Daban

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ranar Lahadi an sanar a cocinku na Agege cewa an sa abokinka na ƙungiyar mawaƙa a ƙarƙashin horo saboda budurwarsa ta yi ciki kafin aure, kana tambaya ko korarsa ke nan, ko kuma ya kamata ka janye jiki daga gare shi.

Ba a kore shi ba. Wanda ke ƙarƙashin horo har yanzu ɗan ikkilisiya ne: yana zuwa sujada, yana jin wa'azi. Abin da aka hana shi shi ne cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da mutuwar Yesu, da riƙe aiki a coci. Zai ajiye rigar mawaƙa, ba zai hau gaba ya karanta nassi ba. A wurare da yawa akan zaunar da shi a bencin baya, amma wannan benci al'adarmu ce, babu shi cikin Littafi Mai Tsarki.

Hanyar tana Matiyu 18:15-17. Da fari ka sami wanda ya yi laifi, daga kai sai shi. In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu domin shaida. In ya ƙi, a kai gaban ikkilisiya. Sai ya ƙi jin ikkilisiyar ma ake fitar da shi daga zumunci. Ka ga kora ta mai taurin kai ce, ba ta wanda ya faɗi ya amsa laifinsa ba. Bulus ya ce a fitar da mutumin da ke zaune da matar ubansa a 1 Korintiyawa 5, shi ne kuma a 2 Korintiyawa 2:6-8 yake roƙo a yafe wa wanda aka hora, a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Inda abin ke lalacewa kuwa, yana ci mini rai. Dattawa su tsallake matakan farko, su yi sanarwa a kan jita-jita. Ko a hori yarinya ita kaɗai don cikinta ya fito, saurayin yana yawonsa. Ko a kau da kai ga mai ba da zakka mai kauri. Mafi muni, a sanar da horo, sannan ba dattijo ko ɗaya da aka ɗora wa ziyartar mutumin. A ƙauye ba shi da wurin zuwa, dole ya zauna. A nan Legas kuwa motar haya ta danfo ɗaya zai hau ya sauka a wani coci inda ba mai tambayarsa daga ina.

Tsawon horo dattawa ne ke yankewa, suna duban tuba. In lokaci ya yi, fasto ya kira shi gaba, a yi masa addu'a, a sanar an maido shi a gaban jama'ar da ta ji an hore shi.

Kai dai kada ka ce masa abin da ya yi ba komai ba ne. Amma Lahadi da safe ka biya ta ɗakinsa ku tafi coci tare, ka kuma tambayi fasto wane dattijo ne aka ba shi, da wadda aka ba yarinyar daga Zumuntar Mata.