Amsa kan zuwan ɗalibai Kyuba nazarin tsarin kiwon lafiya

Malama, kin tambaya ko tafiyar ɗaliban jami'arku Kyuba domin nazarin tsarin kiwon lafiyarta za ta yi amfani, da kuma inda ya kamata ku fi mai da hankali. A ganina za ta yi amfani ƙwarai, matuƙar ba ku ƙare lokacinku a manyan asibitocin Havana ba.

Ƙashin bayan tsarin a unguwanni yake. Tun 1984 aka fara shirin likitan iyali da ma'aikaciyar jinya, waɗanda ake damƙa wa gidaje ƙayyadaddu, suna bin mutane har gida, suna rarraba su gwargwadon haɗarin da lafiyarsu take ciki tun kafin ciwo ya kwantar da su. Irin wannan bibiya ta taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2015 cewa Kyuba ce ƙasar farko da ta kawar da yaɗuwar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri.

Ku tambayi ma'aikata kan ƙarancin magunguna da ƙanƙantar albashi, domin matsaloli ne na gaske. Ku kuma koyi Sifaniyanci kafin tafiya, saboda ta bakin tafinta ba za ku ji damuwar majinyaci sosai ba.