Tambaya da Amsa: In Lambar Tayar Jif Ta Yanke a Kasuwa, Wacce Za a Saka a Madadinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jif ƙirar Toyota Prado ta 2012 wadda nake shiga kasuwannin ƙauye da ita sayen wake da gyaɗa. Tayoyinta masu lamba 265/65R17 duk sun yi sanƙo. Mai tayar da na saba saye a wurinsa ya ce wannan lamba ta yanke masa, sai ya nuna mini 265/70R17 da 245/70R17, ya ce tunda duk 17 ne babu wata matsala. Ya kuma ba ni shawarar in sayi biyu yanzu in saka a baya, sauran biyun sai kuɗi sun samu. Wacce ya kamata in ɗauka?
Daga wani mai karatu a Potiskum

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai tayarka ya faɗi gaskiya a abu ɗaya, wato dukkan tayoyin biyu za su hau rim ɗinka, domin lambar 17 faɗin bakin rim take nunawa a ma'aunin inci. Amma hawa rim daban, dacewa da mota daban, kuma sauran lambobin biyu da ya tsallake su ne suke yanke hukunci.

Lamba ta farko, 265, faɗin taya ce a milimita. Ta biyun, 65, ita ce take ruɗa mutane, domin ba milimita ba ce. Tana nufin tsayin gefen taya, daga bakin rim zuwa inda roba take taka ƙasa, kashi 65 ne cikin ɗari na wancan faɗin. A tayarka ke nan gefen ya kai milimita 172. Idan aka haɗa gefen sama da na ƙasa, aka ƙara inci 17 na rim, wanda ya yi daidai da milimita 432, za a ga tsayin tayar gaba ɗaya ya kama milimita 776. A kan wannan tsayin kamfani ya daidaita agogon gudu, da lokacin da giya take sauyawa, da na'urar birki ta ABS, da kuma filin da aka bari tsakanin taya da madigadi. Ƙa'idar da masu sana'ar taya suke bi ita ce kada sabuwar taya ta zarce ta asali ko ta gaza ta da fiye da kashi 3 cikin ɗari a tsayi.

Da wannan lissafi, 245/70R17 tsayinta milimita 775 ne, wato kusan daidai da ta asali duk da cewa lambobinta biyu sun bambanta, yayin da 265/70R17, wadda a ido ta fi kama da taka, ta kai milimita 803, ƙarin kashi 3.4 cikin ɗari ke nan. Sai dai kada ka yi saurin ɗaukar 245/70R17, domin akwai wata lamba a gaba da mai saye ba kasafai yake dubawa ba. Ka sunkuya ka karanta jikin tsohuwar tayarka, bayan R17 za ka ga wani abu kamar 112S ko 112H. Lambar 112 tana nufin kowace taya za ta iya ɗaukar kilo 1,120, harafin kuma iyakar gudun da za ta jure ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210. Yawancin tayoyi masu lamba 245/70R17 na ƙananan motoci 110 ake rubuta musu, wato kilo 1,060. Gibin kilo 60 a kowace ƙafa ya zama kilo 240 a mota, nauyin buhun wake biyu da ɗoriya, kuma mutumin da yake loda kaya ya hau kwalta da tsakar rana a watan Afrilu ba shi ne zai rage wa tayarsa ƙarfin ɗaukar nauyi ba, domin taya mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta zafi take tarawa a ciki har ta fashe. Saboda haka ba zan yarda da 245/70R17 ba sai in an samu wadda lambar nauyinta ta kai 112 ko ta wuce, irin waɗanda ake rubuta wa XL ko LT a jikinsu.

Ita kuwa 265/70R17 ba baƙuwa ba ce a gidan Toyota, domin da ita FJ Cruiser take fitowa daga kamfani, kuma masu Prado da yawa suna saka ta saboda son ƙarin tsayi. Amma ƙarin da ake samu a ƙarƙashin mota rabin bambancin ne kawai, kimanin milimita 13, bai kai faɗin ɗan yatsa ba, alhali abin da ake biya a kansa ya fi haka. Agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kimanin kashi 3.3 cikin ɗari idan aka kwatanta da yadda yake nunawa a da, kilomitocin da mota take ƙirgawa za su ragu, tashin motar zai ɗan yi nauyi musamman da kaya, shan mai kuma zai ɗan ƙaru. Akwai kuma yiwuwar tayar ta riƙa gogar robar madigadi idan aka murɗe sitiyari har ƙarshe ko aka faɗa rami da lodi. Idan ita ka zaɓa, ka sa a ɗaura ɗaya a gaba tukuna, a sauke motar daga kan jak, a murɗe sitiyari hagu da dama har ƙarshe, ka zura hannunka tsakanin taya da madigadi ka ji filin da ya rage, sannan ka biya kuɗi. A ganina akwai lamba ta uku da ta fi waɗannan biyun dacewa da aikinka, ita ce 275/65R17, mai tsayin milimita 789, ƙarin kashi 1.7 kacal, wadda galibi take zuwa da lambar nauyi 115. Kafin nan ma, lambarka ta asali ita ce Hilux da yawa suke amfani da ita, don haka yankewarta a shago ɗaya ba ya nufin babu ita a Kano ko Gombe.

Shawarar saka biyu yanzu, biyu daga baya, ita ce ban amince da ita ba ko kaɗan. Prado a koyaushe da ƙafa huɗu take ja, kuma akwai wani akwatin haƙora a tsakiyar motar, wanda kanikawa suke kira difaranshal, da yake raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya. An yi shi ne don ya shanye ɗan bambancin juyi da ake samu a kan kwana, ba don ya yini yana wannan aiki a miƙaƙƙiyar hanya ba. Tayarka ta asali tana juyawa kimanin sau 410 a kowane kilomita, 265/70R17 kuma kimanin sau 396. A tafiyar kilomita 100 bambancin ya haura juyi 1,300, tun ma ba a lissafa cinyewar da tsofaffin suka yi ba. Wannan akwati ne zai ɗauki wahalar, na'urar ABS kuma, wadda take auna gudun kowace ƙafa, za ta riƙa samun bayanin da bai yi daidai ba. Idan za a sauya lamba, a sauya huɗun a rana ɗaya, har da safaya in da hali, kuma a gwada a ga ta shiga mazauninta. Idan kuɗin taya biyu ne a hannu, to lambar asali za a nema.

Kowacce ka saya, ka duba lambobi huɗun da suke ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, domin su ne ranar haihuwarta: 1524 yana nufin mako na 15 na shekarar 2024. Iskar da za a ba ta kuma a bi abin da aka rubuta a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, ba lambar da ke jikin taya ba, wadda iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ce.

Tambaya: Motata Lexus RX350 ce ta 2013 mai taya 235/55R19. A damina ɗaya ramuka sun kumbura mini gefen taya biyu sun kuma lanƙwasa rim ɗaya. Zan iya komawa ƙaramin rim?
Daga wata mai karatu a Kaduna

Amsa: Za ki iya, Hajiya, kuma a irin titunanmu shi ne ya fi. Wannan ƙirar tana fitowa daga kamfani da 235/55R19 ko 235/60R18, tsayinsu milimita 741 da 739, saboda haka agogon gudu da giya ba za su ji bambanci ba. Abin da za ki samu shi ne gefen taya zai tashi daga milimita 129 zuwa 141, kuma wannan ƙarin robar ita ce take shanye bugun bakin rami kafin ya isa rim. Ki nemi rim mai inci 18 na RX350 ɗin kanta, ba kowane mai rami biyar da ya hau ba, domin zurfin rim yana bambanta daga mota zuwa mota, kuma wanda bai dace ba zai iya gogar birki ko ya turo taya waje. Ƙasa da inci 18 kuwa kada ki sauka sai kanike ya ɗaura ya juya ƙafar da hannu a gabanki, kin ga babu inda rim ɗin yake taɓa birkin gaba.